Amurka: Wa Zai Fara Tsawata wa Nasa?

A layin da nake zaune, a wani ƙaramin gari na jihar Ohio, akwai gidaje biyu da ke kallon juna, kwalta ce kawai a tsakaninsu. Ɗaya na wani dattijo ne da ya yi ritaya daga masana'antar kayan gyaran mota. Shinge ɗaya ya raba mu da shi, yarana suna ce masa Kaka, ni kuma Baba nake kiransa. Ɗayan na wata tsohuwar malamar firamare ce, wadda tun ranar da muka tare nake ce mata Malama. Hunturun farko da na yi a gidan, na tashi da asuba na tarar dusar ƙanƙara ta kai gwiwa a ko'ina ban da ƙofar gidana. Ashe Baba ne ya riga ya bi da injinsa ya share mini hanya har bakin titi, ya koma ya kwanta abinsa. Malama kuwa ita ta riƙa zaunar da babbar 'yata a teburin kicin ɗinta duk yammacin Talata, har sai da karatun Turanci ya zauna mata a baki. Da azumi ya zo ta tambayi matata lokacin shan ruwa, ta rubuta a takarda ta manna a jikin firij don kada ta aiko da abinci da rana.

Dukansu sun san ni baƙo ne, baƙar fata, Musulmi, kuma ban taɓa ganin komai daga ɗayansu ba sai alheri. Amma su biyun ba sa ga-maciji. Sun fi shekara 30 suna maƙwabtaka, ita ta koyar da 'ya'yansa maza biyu a aji uku, marigayiya matarsa ƙawarta ce, amma yau ko gaisuwa ba ta haɗa su. Gabanin zaɓen 2024 ya kafa allon Donald Trump a gaban gidansa, ta kafa na Kamala Harris a gaban nata. Na taɓa tambayarsa abin da ya haɗa su. Ya ce, "Ɗana, matar nan kallon jahili take yi mini. Ta riga ta yanke cewa ni maƙiyin baƙaƙe ne, ko tambayata ba ta tsaya ta yi ba." Da na kai mata zancen cikin dabara, sai ta ajiye kofin shayinta ta ce, "Mutumin da ya ga abin da aka yi wa majalisa ranar 6 ga Janairu, kuma ya sake kafa allon nan, me ya rage da zan ce masa?"

Na daɗe ina juya lamarin waɗannan bayin Allah biyu a raina, domin abin da ke tsakaninsu shi ke tsakanin rabin ƙasarsu da ɗaya rabin. Inda tunanina ya tsaya shi ne, wa'azin a so juna ba zai dawo da amana tsakanin Amurkawa ba muddin duk wanda ya miƙa wa abokin hamayya hannu, mutanensa ne ke fara sare hannun. Sai ranar da mai neman sulhu ya daina asarar kujerarsa da mutuncinsa a cikin gidansu sannan za a fara ganin sauƙi.

Ciwon ya yi nisa. Cibiyar bincike ta Pew ta gano cewa a 2016 kashi 47 cikin ɗari na 'yan jam'iyyar Republican ne ke ganin 'yan Democrat sun fi sauran Amurkawa lalacewar ɗabi'a. Zuwa 2022 masu wannan gani sun kai kashi 72. A ɓangaren 'yan Democrat ma adadin ya tashi daga 35 zuwa 63. A 1960, kusan mutum biyar ne cikin ɗari suka ce ransu zai ɓaci idan ɗansu ya auro daga wata jam'iyya. Zuwa 2010 kusan rabin 'yan Republican da sulusin 'yan Democrat sun ce ba za su ji daɗi ba. Dattawanmu da suka ga zamanin NEPU da NPC suna ba da labarin irin wannan, lokacin da siyasa ta kashe aure ta raba wa da ƙani, har ta kai Waziri Ibrahim ya zo daga baya da taken siyasa ba da gaba ba. Tsarin shugaban ƙasa da Najeriya ta ɗauka a 1979 kuwa daga Amurka ta kwafo shi, don haka idan gemun malamin ya kama da wuta, ɗalibin yana da dalilin kallo da kyau.

Abin takaici, da yawa daga cikin masu wannan ƙiyayya wani mutum suke ƙi wanda suka ƙera a ƙwaƙwalwarsu. Wasu masana biyu, Douglas Ahler da Gaurav Sood, sun wallafa wani bincike a 2018 inda suka sa Amurkawa su kintaci su wane ne 'yan kowace jam'iyya. Mutane suka ce kashi 38 na 'yan Republican attajirai ne masu samun sama da dala 250,000 a shekara, alhali kashi 2 ne kacal. Suka ce kashi 32 na 'yan Democrat 'yan luwaɗi ne da maɗigo, alhali kashi 6 ne. Wanda ya fi bin labaran siyasa kuma shi ya fi kuskuren lissafi. Ba abin mamaki ba ne, domin wuraren da a da suke haɗa mutum da wanda ba ra'ayinsu ɗaya ba sun yi ta mutuwa. A 1999 kashi 70 na Amurkawa suna da rajista a wani coci ko masallaci ko wurin ibadar Yahudawa, zuwa 2020 sun koma kashi 47. Ƙungiyoyin ƙwadago da a shekarun 1950 suka ƙunshi kusan sulusin ma'aikata, yanzu ma'aikaci ɗaya ne cikin goma ke cikinsu. Sama da sulusin jaridun ƙasar sun rufe daga 2005 zuwa yau, akasarinsu ƙananan jaridun gari masu kawo labarin gada da makaranta da wanda ya rasu a unguwa. Gurbin da suka bari sai aka cike shi da masu sayar da fushi. A 1987 aka soke ƙa'idar da ta wajabta wa gidajen rediyo da talabijin jin ta bakin ɓangarori biyu, a 1996 aka buɗe Fox News da MSNBC, daga baya Facebook da 'yan'uwansa suka gano cewa babu abin da ke riƙe mutum a kan waya kamar ɓacin rai.

Sai dai zalunci ne a ce duka rigimar rashin fahimta ce. Akwai saɓani na gaske. Wanda ya yi imani zubar da ciki kisan kai ne da wadda ke ganin haƙƙinta ne a kan jikinta, ko shekara suka yi suna shan shayi tare ba za su zama ra'ayi ɗaya ba, kuma tun da kotun ƙoli ta soke hukuncin 1973 da ya ba da haƙƙin zubar da ciki, a watan Yunin 2022, maganar ta koma jiha-jiha ana ta gwabzawa. Haka batun bindiga, haka batun baƙin haure. Zo mu zauna zo mu saɓa ne, kuma ƙasa mai mutum sama da miliyan 330 ba ta buƙatar kowa ya zama baki ɗaya. Abin da take buƙata shi ne wanda ya faɗi zaɓe ya yarda ya faɗi, ya kuma tabbata cewa wanda ya ci ba zai murƙushe shi ba kafin zagaye na gaba.

A nan ba zan yi wa Baba kara ba. An kai ƙorafin zaɓen 2020 gaban kotuna sama da sau 60, har da gaban alƙalan da Trump ɗin da kansa ya naɗa, ba a sami maguɗin da zai sauya sakamako ba. Duk da haka magoya bayan Trump suka fasa majalisa ranar 6 ga Janairun 2021, kuma ranar 20 ga Janairun 2025 aka yi wa kimanin mutum 1,500 da ke da hannu a ciki afuwa. Wannan ɓarna ce babba ga amana, kuma ban san wani abu da 'yan Democrat suka yi a wannan zamani da ya kai ta nauyi ba. Amma Malama ma ba zan yi mata kara ba. Akwai wani raini da masu digiri na manyan birane ke yi wa irin su Baba, mutanen da aka rufe masana'antunsu aka kwashe aikin zuwa ƙetare, sannan aka ce su ne matsalar ƙasa. A watan Satumban 2016 Hillary Clinton ta ce rabin magoya bayan Trump za a iya tattara su a kwandon abin ƙyama. Har yau Baba yana maimaita wannan kalma kamar jiya aka faɗe ta. Wanda ka raina ba ya jin hujjarka ko da gaskiya ce tsagwaronta.

Jini kuma ya zuba ta kowane gefe. An harbi 'yar majalisa Gabby Giffords ta Democrat a ka a Arizona a 2011. An harbi ɗan majalisa Steve Scalise na Republican a filin atisayen wasa a 2017. An shiga gidan Nancy Pelosi ta Democrat, kakakin majalisar wakilai a lokacin, a 2022 aka fasa wa mijinta kai da guduma. Harsashi ya shafi kunnen Trump a garin Butler na jihar Pennsylvania a watan Yulin 2024. A watan Yunin 2025 aka kashe Melissa Hortman, jigon Democrat a majalisar dokokin Minnesota, tare da mijinta a cikin gidansu, sannan a watan Satumba aka harbe Charlie Kirk, matashin ɗan gwagwarmaya mai goyon bayan Trump, yana tsakiyar muhawara da ɗalibai a wata jami'a a Utah. Idan ka zauna da Malama za ta lissafo maka rabin waɗannan sunaye da hawaye a idonta, idan ka zauna da Baba zai lissafo maka ɗaya rabin. Laifi tudu ne. Tarihinsu kuwa ya riga ya nuna musu inda wannan hanya take kaiwa. A 1856 wani ɗan majalisa daga kudu, Preston Brooks, ya shiga zauren majalisar dattawa ya lakaɗa wa Sanata Charles Sumner dukan kawo wuƙa da sanda saboda jawabin da ya yi na sukar bautar da bayi. Mutanen yankinsa suka yi ta aiko masa da sababbin sanduna kyauta, suka sake zaɓarsa. Shekara biyar bayan nan aka fara yaƙin basasa da ya ci rai sama da 600,000. Tafin da aka yi wa mai sandar ya fi dukan kansa muni.

Akwai masu ƙoƙarin ɗinke ɓarakar daga ƙasa, kuma ina girmama su ƙwarai. A watan Disambar 2016, a wani gari da ake kira South Lebanon a nan Ohio, aka tara mutum 10 da suka zaɓi Trump da 11 da suka zaɓi Clinton suka yi kwanaki suna magana. Wanda ya tsara zaman, Bill Doherty, sana'arsa sasanta ma'aurata ce, kuma da dabarun sasanta miji da mata ya zo. Daga nan aka haifi ƙungiyar da yanzu ake kira Braver Angels. Abin da ya fi burge ni a tsarinsu shi ne, ana ware kowane ɓangare a ɗaki daban, su rubuta munanan abubuwan da ake faɗa a kansu, su bayyana inda aka yi musu ƙage, sannan a tambaye su: to ina ƙwayar gaskiyar da ke cikin zargin? Sai sun amsa wannan sannan su dawo gaban abokan hamayya su karanta da bakinsu. A watan Satumban 2019 kuma masanan jami'ar Stanford, James Fishkin da Larry Diamond, suka tara masu zaɓe 526 daga ko'ina a ƙasar a kusa da birnin Dallas na tsawon kwana huɗu. Da aka tashi, goyon bayan 'yan Republican ga tilasta wa baƙin haure komawa ƙasashensu ya ragu sosai, haka ma na 'yan Democrat ga wasu manyan alkawuran kashe kuɗi. Mutane suna saukowa idan suka ga ido da ido.

Matsalar ita ce, wanda ya yarda ya je irin wannan zama da ma zuciyarsa ta riga ta yi laushi. Kuma ko ya dawo gida da sabon tunani, ɗan majalisar da ke wakiltarsa ba shi yake tsoro ba. Nan ne gizo ke saƙar.

Majalisar wakilan Amurka tana da kujeru 435. A zaɓukan baya-bayan nan, waɗanda ake fafatawa ta gaske a kansu tsakanin jam'iyyun biyu da ƙyar su kai 50. Sauran an san mai su tun kafin a buɗe rumfa, wani ɓangare saboda mutane sun koma zama da masu irin ra'ayinsu, wani ɓangare kuma saboda a yawancin jihohi 'yan siyasar da ke kan mulki su ke shata iyakokin mazaɓu da hannunsu. Ɗan takara ne ke zaɓar masu zaɓensa. A 2019 kotun ƙoli ta ce kotunan tarayya ba su da hurumin shiga wannan magana. A 2025 'yan Republican na Texas suka sake zana taswira a tsakiyar zango don ƙara kujeru biyar, 'yan Democrat na Kalifoniya suka rama da tasu taswirar. Kowa ya ce wancan ne ya fara.

To idan kujera ta riga ta zama ta jam'iyya, zaɓen gaske ya koma zaɓen fidda gwani. Shi kuwa wannan zaɓe kusan mutum ɗaya ne cikin biyar na waɗanda suka cancanta ke fitowa, kuma masu fitowar su ne 'yan a-mutu, waɗanda jininsu ya fi tafasa. Sai ya zama ɗan majalisa ba ya fargabar abokin hamayya ko kaɗan, abin da ke hana shi barci shi ne wani daga cikin gida ya taso ya ce masa maci amana. Dubi abin da ya sami waɗanda suka gwada. Rusty Bowers, kakakin majalisar Arizona a lokacin, ɗan Republican ne na gidi wanda ya zaɓi Trump, amma ya ƙi yarda a juya sakamakon jiharsa a 2020. Jam'iyyarsa ta yi tir da shi, ya sha kaye a fidda gwani a 2022. Sanata John Cornyn na Texas ya zauna da Chris Murphy na Democrat bayan an kashe yara 19 da malamai biyu a makarantar Uvalde, suka fito da dokar bindiga mafi muhimmanci cikin kusan shekara 30. Da ya hau mumbari a taron jam'iyyarsa na jiha, ihu aka yi masa. Sanata James Lankford ya shafe watanni yana tattauna dokar tsaron iyaka a 2024, 'yan jam'iyyarsa suka kashe ta cikin kwanaki. A ɗaya gidan ma haka ne. Da Sanata Kyrsten Sinema ta ƙi bin jam'iyyarta wajen sauya ƙa'idar majalisar dattawa, 'yan Democrat na Arizona suka yi tir da ita a hukumance a 2022, har banɗaki masu zanga-zanga suka taɓa bin ta da kyamara, kafin shekarar ta ƙare ta bar jam'iyyar. Kowane matashin ɗan siyasa yana kallon waɗannan, yana kuma ɗaukar darasi. Shi ya sa majalisar dattawan da ta tabbatar da alƙalin kotun ƙoli Antonin Scalia da ƙuri'a 98 ba hamayya a 1986, ta tabbatar da Ruth Bader Ginsburg da 96 da 3 a 1993, yanzu sai dai 50 da 48, ko 53 da 47. Su Scalia da Ginsburg ɗin nan kuwa, duk da cewa a hukunci gabas da yamma suke, aminan juna ne, iyalansu tare suke bikin shiga sabuwar shekara.

Wannan tsari mutane ne suka gina shi, kuma wasu jihohi sun fara warware shi. A Michigan wata matashiya, Katie Fahey, ta yi rubutu a Facebook bayan zaɓen 2016 tana neman masu son a ƙwace zanen mazaɓu daga hannun 'yan siyasa. Zuwa 2018 masu zaɓe suka amince da kusan kashi 61, aka kafa hukumar talakawa 13: huɗu daga kowace jam'iyya, biyar marasa jam'iyya. Alaska ta je gaba da haka. Tun 2022 kowa da kowa ke shiga zaɓen fidda gwani guda ɗaya, huɗun da suka fi ƙuri'a su wuce babban zaɓe, mai zaɓe kuma ya jera su bisa yadda ya fi so. Ɗan takara yana buƙatar ya zama zaɓi na biyu a wurin wanda ba ɗan jam'iyyarsa ba, don haka zagi ya zama asara. Sanata Lisa Murkowski tana cikin 'yan Republican bakwai da suka kaɗa ƙuri'ar samun Trump da laifi a 2021, jam'iyyarta ta juya mata baya, amma ta ci zaɓenta a 2022. A majalisar dattawan jihar kuwa, bayan zaɓen 2022, 17 daga cikin 20 suka haɗu suka kafa rinjaye na haɗin gwiwa, tara 'yan Democrat, takwas 'yan Republican. Akwai wani abin lura kuma: cikin 'yan majalisar wakilai goma na Republican da suka goyi bayan tsige Trump a 2021, biyu ne kawai suka dawo bayan zaɓen 2022, David Valadao da Dan Newhouse, kuma dukansu daga jihohin da fidda gwaninsu na kowa da kowa ne. Ba magani ne sha-yanzu ba. Wata daga cikin goman ta faɗi a ƙarƙashin irin wannan tsari a jihar Washington, a 2024 masu zaɓe a Colorado da Idaho da Nevada suka ƙi makamancinsa, a Alaska ma da ƙuri'a ƙasa da dubu ɗaya ya tsira daga sokewa. Duk da haka ina ganin duk Ba'amurken da ke kukan rarrabuwar kai, nan ya kamata ya zuba ƙarfinsa da kuɗinsa.

Amma doka ba ta sauya kanta, sai an sami masu ƙarfin halin da za su fuskanci nasu. Zagin abokin hamayya ba jarumtaka ba ce, tafi ake samu da shi. A watan Oktoban 2008, a wani taro a Minnesota, wata mata ta karɓi makirufo ta ce ba ta yarda da Barack Obama ba saboda Balarabe ne. John McCain, ɗan takarar Republican da ke karawa da Obama, ya girgiza kai ya karɓe makirufon ya ce a'a, mutumin kirki ne mai iyali, saɓanin manufa ne kawai a tsakaninsu. A wannan taron magoya bayansa sun yi masa ihu da ya ce kada su ji tsoron Obama. Amsar tasa tana da giɓi, ni kaina ta sosa mini rai, domin kamar ta nuna Balarabe da mutumin kirki abubuwa ne biyu daban. Colin Powell, tsohon sakataren harkokin waje kuma ɗan Republican a lokacin, shi ne ya cike giɓin bayan 'yan kwanaki, da ya fito a talabijin ya tambayi jam'iyyarsa: to in ma Musulmi ne fa, laifi ne zama Musulmi a ƙasar nan? Shi ma da nasa gidan yake. Al Gore na Democrat, mataimakin shugaban ƙasa a lokacin, ya rasa shugabanci a 2000 da tazarar ƙuri'a 537 a Florida bayan hukuncin kotun da bai yarda da shi ba, amma ya miƙa wuya, kuma da ya zauna jagorantar ƙidayar ƙuri'u a majalisa shi da kansa ya riƙa dakatar da 'yan jam'iyyarsa masu ƙorafi a madadinsa. Mike Pence, mataimakin Trump a lokacin, ya ƙi juya sakamako a 2021 ana kiran a rataye shi a bakin ƙofa. Brad Raffensperger, jami'in da ke kula da zaɓe a jihar Jojiya a lokacin, ya ƙi nemo ƙuri'a 11,780 da shugaban ƙasa na jam'iyyarsa ya roƙe shi ta waya, kuma mutanen jiharsa suka sake zaɓarsa a 2022, abin da ke nuna cewa ba kullum mai gaskiya ke faɗuwa ba. A Utah, Spencer Cox na Republican da abokin hamayyarsa a takarar gwamna, Chris Peterson na Democrat, sun tsaya kafaɗa da kafaɗa a talla ɗaya a 2020 suka ce duk wanda ya ci za su amince. Cox ɗin ne gwamna ranar da aka kashe Kirk a jiharsa, kuma lokacin da wasu na gidansu ke kiran ramuwa, shi ya ce wa matasa su ajiye waya su fita su rungumi iyalinsu.

Ina tuna watan Janairun 2015, da John Kerry, sakataren harkokin wajen Amurka a lokacin, ya sauka a Legas ya gana da Goodluck Jonathan da Muhammadu Buhari yana jan hankalinsu kan zaɓe cikin lumana. Bayan wata biyu Jonathan ya ɗaga waya ya taya Buhari murna tun kafin a gama sanar da sakamako, wasu na kusa da shi ba su so ba. Wayar nan ta ceci rayuka. Amurkawa sun san darajar irin wannan kira, tun da su suka zo suna koyar da shi.

Talaka ma yana da nasa kason, kuma bai fi ƙarfinsa ba. Ɗan Democrat da ya ji abokinsa yana murnar mutuwar Kirk ya ce masa kai, ba a haka. Ɗan Republican da aka turo masa ba'a kan mijin Pelosi ya ce wa mai turowar ya daina, a gaban sauran 'yan zauren. Daga bakin na gida kawai irin wannan tsawa ke shiga kunne. Sannan ya fita zaɓen fidda gwani, wanda ake yi a ranar da babu hayaniya, ya ba mai sulhu ƙuri'arsa don kada a bar 'yan a-mutu su kaɗai a rumfa.

A hunturun da ya wuce Malama ta zame a matakalar ƙofarta ta karye a ƙugu, ta yi makonni a asibiti. Ana gobe za a sallamo ta aka kwana ana zuba ƙanƙara. Na fito da shebur da sassafe don in share mata hanya, sai na tarar an riga ni, daga bakin titi har matakalar, an kuma watsa gishiri a kan kowane mataki. Sawun tayar injin ya tsallaka kwalta ya shige garejin Baba. Da na same shi ya ce, "Kada ka gaya mata, ɗana. Za ta ɗauka wani abu nake nema." Na ce, "Baba, wannan kam ba zan iya riƙe shi ba." Na gaya mata da yamma tana zaune a kujerar guragu. Ta yi shiru mai tsawo, sannan ta ce ƙaramin ɗansa ba ya iya zama wuri ɗaya a aji, amma ba ta taɓa koyar da yaro mai tausayinsa ba. Ta rubuta 'yar takarda ta ba 'yata ta kai masa. Ban san abin da ke ciki ba. Har yanzu ban ga sun zauna tare ba, kuma na tabbata idan zaɓe ya zo kowa zai sake kafa allonsa. Amma ranar Alhamis da ta wuce, da ya fito da kwandon shararsa bakin titi, na ga ya tsallaka ya jawo nata ma, ita kuma tana bakin taga ta ɗaga masa hannu.